Tsufan Ma'adanar Talabijin na Zamani da Yadda Ake Gyara Ta

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zango da ya wuce na kai ziyara Ƙafin Maiyaki, garin da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kiru, a kan hanyar da ta taso daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada da Doguwa. Na iske ɗan ƙanwata, wanda ke da ɗan gidan kallon ƙwallo, ya yi tagumi a gaban babban akwatin talabijin ɗinsa. Da an kunna akwatin sai tambarin kamfani ya bayyana tangaram, ya tsaya kamar minti ɗaya, ya ɗauke, sa'an nan ya sake dawowa. Kwana uku ke nan yana haka, 'yan kallo kuwa duk sun koma wani gidan. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wasu sun ce gilashin ne ya mutu, in sayar wa 'yan gwangwan in huta." Na ce masa, "Gilashin da ya nuna maka tambari da kalarsa ai bai mutu ba. Dakata mu kai wa masu sani."

Da muka kai akwatin Kano, mai gyara ya auna ya ce memori ce ta gaji. Ya ɗaga wani ɗan baƙin abu da bai fi farcen babban yatsa ba, ya dasa sabo, kuɗin aikin kuma bai kai rubu'in kuɗin sabon akwati ba. Ni malamin ilmin halittu ne, ba injiniya ba, amma kalmar nan ta "gajiya" ta ja hankalina, domin tsufan ƙwayoyin halitta na daga cikin abubuwan da muke koyarwa. Wannan maƙala za ta bayyana wa ɗalibai da malamansu abin da ke cikin wannan ma'adana, da dalilin da ya sa take tsufa, da yadda ake gane ciwonta, da kuma yadda ake musanya ta.

Kwamfuta a Cikin Akwati

Tsohon talabijin mai ƙeya, irin wanda iyayenmu suka sani, aikinsa ɗaya ne: ya karɓi saƙo daga eriya ya mai da shi hoto da sauti. Na zamani kuwa, mai shiga intanet da nuna YouTube, kwamfuta ce sosai aka manna wa faffaɗan gilashi. Idan aka kwance murfin baya za a ga manyan sassa huɗu. Akwai fanel ɗin wuta, mai karɓar bolt 230 daga soket ya rage shi zuwa ƙananan ma'aunai kamar bolt 12 da bolt 5. Akwai jerin fitilu masu haska gilashi daga baya. Akwai gilashin kansa tare da ɗan fanel mai sarrafa shi. Sai kuma babban fanel, inda ƙwaƙwalwar akwatin take.

A kan babban fanel akwai ma'adanai iri biyu. Ta farko ta wucin gadi ce, tana riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin, da an ɗauke wuta kuma sai ta manta komai. Ta biyu ita ce ma'adanar filash, wadda ke riƙe bayani ko babu wuta. A cikinta ne aka ajiye manhajar da ke tayar da akwatin, da jerin tashoshi, da duk wani saiti da mai shi ya yi. A yawancin akwatuna tana zuwa ne cikin sigar da ake kira eMMC, kuma galibi tana ɗaukar gigabayit 4 ko 8 ko 16. Duk lokacin da aka danna rimot, ƙwaƙwalwar akwatin sai ta fara karanto umarni daga wannan ma'adana. In karatun ya tsinke a tsakiya, akwatin ya kan koma farko ya sake gwadawa. Wannan shi ne kai-da-kawon tambari da muka gani a Ƙafin Maiyaki.

Yadda Take Riƙe Bayani

Asalin dabarar ya faro ne a 1967, sa'ad da Dawon Kahng da Simon Sze, masu bincike a ɗakunan gwaje-gwaje na Bell a Amurka, suka nuna cewa ana iya kulle cajin lantarki a cikin tiransista. Daga baya wani injiniyan kamfanin Toshiba na Japan, Fujio Masuoka, ya gina ma'adanar filash a kan wannan tushe. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, sa'an nan nau'in NAND a 1987. Wannan na biyu shi ne ke cikin wayoyinmu, da katin memori, da kuma talabijin.

Mai karatu ya ƙaddara wani rumbu mai ɗakuna biliyoyi, kowane ɗaki kuma tiransista ce guda. A tsakiyar kowane ɗaki akwai wani ɗan tarko da aka kewaye da bango na sinadarin da ba ya barin lantarki ya wuce. Kaurin bangon bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita ba, watau silin gashin kai ya ninka shi sau dubbai. Idan za a yi rubutu, sai a ɗora ƙarfin lantarki na kimanin bolt 20, wanda zai tilasta wa ilektaron su ratsa bangon su faɗa tarkon. Da an janye ƙarfin sai su maƙale a ciki. Ɗakin da ke da ilektaron a tarko ana karanta shi a matsayin 0, wanda babu kuma a matsayin 1. Da jerin waɗannan lambobi biyu ake rubuta kowane harafi da kowane hoto.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan ma'adana da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane nan take. Ba a rubutu a kan rubutu, sai an wanke allo. Haka kuma ba a wanke harafi ɗaya a bar sauran, fuskar allon gaba ɗaya ake wankewa. To, haka filash take. Ana rubutu shafi-shafi, amma gogewa sai dai a goge babban rukuni mai ɗauke da shafuka da yawa a lokaci guda. An ce wannan gogewa ta farat ɗaya ce ta tuna wa abokin aikin Masuoka walƙiyar fitilar kyamara, daga nan sunan filash ya samo asali.

Dalilin Tsufa

Allon da aka daɗe ana wankewa fuskarsa takan yi kaushi, tawada ta riƙa bajewa. Haka nan duk lokacin da ilektaron suka ratsa bangon tarko, shiga ko fita, sukan bar masa ɗan rauni. Raunin yana taruwa sannu a hankali har bangon ya soma yoyo, ilektaron su riƙa sulalewa, 0 ya rikiɗe ya koma 1. Saboda haka kowane rukuni yana da iyakar adadin gogewar da zai iya jurewa.

Iyakar ta danganta da yawan bayanin da aka cusa wa ɗaki guda. Nau'in farko yana riƙe lamba ɗaya a kowane ɗaki, watau ko cike ko fanko, kuma yakan jure gogewa har wajen sau 100,000. Domin rage tsada, sai kamfanoni suka koma sanya lambobi biyu a ɗaki, wanda ke buƙatar a bambance matakan caji huɗu, sa'an nan lambobi uku, masu buƙatar matakai takwas. Idan matakan suka matsu da juna, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya rikita karatu. Shi ya sa irin waɗannan ba su cika wuce gogewa sau 1,000 zuwa 'yan dubbai kaɗan ba.

A nan ne ilmin halittu ya shigo. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya, suka gano cewa ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaji ba sa rabuwa har abada kamar yadda aka zata a da. Sukan rabu kimanin sau 50 su tsaya. Daga baya aka fahimci cewa a ƙarshen kowane zaren gado akwai wani ɗan murfi da ake kira telomiya, wanda ke gajercewa a kowace rabuwa. Binciken wannan murfi ne ya ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak lambar yabo ta Nobel a 2009. Ashe ƙwayar halitta da ɗakin filash duk ƙidayar aiki ce ke cinye su, ba ƙidayar kwanaki kaɗai ba. Sai dai kada ɗalibi ya ja wannan kwatanci ya wuce iyaka. Jiki yana sabunta kansa: jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kimanin kwana 120 su mutu, ɓargo ya ƙera wasu. Ma'adana ba ta da ɓargo. Abin da aka zuba mata a masana'anta shi ke nan.

Masu ƙira sun san da wannan rauni, shi ya sa suka haɗa ma'adanar da wani ɗan mai kula a cikin kunshi ɗaya. Yana da ayyuka uku. Na farko, yana rarraba rubutu a kan dukkan rukunai don kada ɗaya ya gaji ya bar saura, kamar manomin da ke hutar da wannan gona bana ya noma waccan. Na biyu, yana haɗa kowane shafi da wasu ƙarin lambobi da zai yi amfani da su ya gyara kurakurai ƙalilan, kamar yadda ƙwayar halitta ke da sinadaran da ke bin zaren gado suna gyara ɓaraka. Na uku, yana da rukunai na ko-ta-kwana da yake musanya matattu da su. Ranar da waɗannan suka ƙare, ranar ce ciwo ke fitowa fili.

Wani Lissafi Don Aji

Malamin lissafi na iya ba ɗalibai wannan misali. A ɗauka ma'adana ce mai gigabayit 8 da ke jure gogewa sau 3,000. Jimillar abin da za a iya rubuta mata a tsawon rayuwarta shi ne 8 sau 3,000, watau gigabayit 24,000. In akwatin na rubuta gigabayit 10 a kullum, za ta yi kwana 2,400, kimanin shekara shida da rabi. In rubutun ya ninka, sai shekarun su koma uku da 'yan watanni. Wani zai tambaya, me akwati ke rubutawa haka alhali kallo kawai ake yi? Amsa ita ce, manhajar ba ta zama shiru. Tana ajiye rahoton ayyukanta, da ƙananan hotunan finafinai, da gutsattsarin abin da aka sauko daga intanet, da sababbin gyare-gyaren da kamfani ke aikowa. Bugu da ƙari, in ma'adanar ta cika maƙil, mai kula ba shi da isasshen filin juyawa, sai ya riƙa kwashe kaya daga wannan rukuni zuwa wancan kafin ya goge, rubutu ɗaya ya zama biyu ko uku.

Wannan lissafi ya taɓa tabbata a bainar jama'a. A watan Fabrairu na 2021 kamfanin motoci na Tesla ya yi kiranyen motoci kusan 135,000 a Amurka, saboda ma'adanar eMMC mai gigabayit 8 da ke bayan gilashin gaban direba tana ƙarewa. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa gogewa 3,000 ɗin na cika cikin shekara biyar zuwa shida. Maganin da kamfanin ya yi shi ne musanya ta da mai gigabayit 64, domin faɗin fili na rage yawan dawowa kan rukuni ɗaya.

A ƙasarmu akwai ƙarin abubuwa biyu. Na farko zafi. Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa zafi na hanzarta aikin sinadarai, to haka yake hanzarta sulalewar ilektaron daga tarko. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano na kaiwa digiri 40, cikin akwatin da aka jingina da bango a ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa, balle in ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin iska. Na biyu ɗaukewar wuta ba zato. In wuta ta yanke daidai lokacin da mai kula ke sabunta taswirar inda ya ajiye kaya, bayanin na iya hargitsewa ko da ɗakunan na da sauran ƙarfi.

Gane Ciwo Kafin Magani

Kamar likita, mai gyara na ƙwarai ba ya fara fiɗa sai ya yi awo. In ana jin sauti amma gilashi ya yi duhu, kuma da an haska tocila a kansa ana ganin inuwar hoto, fitilun baya ne suka mutu. In ko 'yar jar fitilar gaba ba ta kamawa, a fara duba fanel ɗin wuta. Alamomin da ke nuni ga ma'adana su ne tsayawa a kan tambari, da sake kunna kai, da nauyin jiki wajen buɗe manhaja, da kuma mantuwa. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi bayyana: a saita tashoshi yau, gobe a iske sun koma yadda suke jiya. Dalili kuwa shi ne, ma'adanai da yawa in suka ga ƙarshe ya zo sukan kulle ƙofar rubutu su bar ta karatu kawai.

Bayan ya tabbatar wutar da ke isa ga ma'adanar daidai take, watau bolt 3.3 da kuma 1.8 a mafi yawan fanel, mai gyara yakan gwada magani mai sauƙi tukuna: ya mai da akwatin saitin masana'anta, ko ya sake zuba masa manhaja ta kafar USB, abin da masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ke kira filashin. In hargitsi ne kawai irin na ɗaukewar wuta, wannan ya wadatar. In kuwa zubin ya ƙi kammala, ko ciwon ya dawo bayan 'yan kwanaki, to ɗakunan ne suka ƙare. Tun daga ƙa'idar eMMC 5.0 da ƙungiyar JEDEC ta fitar a 2013, ma'adanar na iya faɗar lafiyarta da kanta: na'urar karatu za ta nuna kashi nawa na rayuwarta ta cinye, a matakai na goma-goma cikin ɗari, tare da gargaɗi in rukunan ko-ta-kwana sun kusa ƙarewa.

Aikin Dashe

Musanya ma'adana ya yi kama da dashen gaɓa, kuma wahalarsa iri biyu ce. Ta farko ta hannu ce. Faɗin ma'adanar milimita 11.5 ne, tsawonta 13, kuma a ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙwallayen darma 153, tsakanin kowace da 'yar'uwarta rabin milimita. Ba a iya kai musu da ƙarfen liƙi. Sai an ɗumama fanel daga ƙasa, sa'an nan a hura iska mai zafi daga sama har darmar ta narke, wadda a kayan zamani ke buƙatar sama da digiri 217. In aka yi garaje aka ɗaga kafin ta gama narkewa, sai zaren tagulla ya ɓalle daga fanel, aiki ya lalace baki ɗaya.

Wahala ta biyu ta bayani ce. Sabuwar ma'adana fanko take zuwa, sai an ɗora ta a kan na'urar rubutu an zuba mata manhajar da ta dace da wannan fanel da wannan gilashi. Mafi kyau shi ne a kwafo daga tsohuwar tun tana iya karantuwa, domin a cikinta akwai abubuwan da suka keɓanta ga akwatin shi kaɗai, kamar lambar shaidarsa a intanet, da saitin kalar gilashinsa, da mabuɗan sirri da kamfanonin finafinai ke bincika kafin su yarda su nuna hoto. In tsohuwar ta mutu murus, sai a nemi kwafi daga wani akwati irinsa sak. Akwatin zai tashi, amma wani lokaci hoto kan fito a kife, ko kala ta jirkice, ko wasu manhajojin kallo su ƙi aiki. A wasu samfurori ma an ɗaure wani sashe na ma'adanar da ƙwaƙwalwar fanel ta hanyar mabuɗi, ta yadda sai dai a sauya babban fanel ɗin dungurungum. Namu akwatin ya yi sa'a, an samu kwafe shi kafin ya rufe ido. Darasin a nan shi ne, wanda ya ga alamar mantuwa ya hanzarta, kada ya jira sai tambari ya tsaya.

Wajibi ne in gargaɗi ɗalibai masu son kwance-kwance: babban kafasita da ke kan fanel ɗin wuta na iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi. Mai sha'awar wannan sana'a ya koye ta a hannun ƙwararre.

Rigakafi da Batun Shara

Ana iya tsawaita ran ma'adana da abubuwa masu sauƙi. A bar tazara tsakanin akwati da bango, a riƙa kakkaɓe ƙura daga ƙofofin iska. A kashe da rimot a ɗan jira kafin a kashe janareta ko a zare filogi. Kada a katse wuta sa'ad da akwatin ke sabunta manhaja. A goge manhajojin da ba a amfani da su domin a bar fili. Masu gidajen kallo da ke dogara da dikoda ba su da buƙatar haɗa akwatin da intanet, cire shi na rage rubutu.

Gyara kuma yana da amfanin da ya wuce na aljihu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sarrafa ta hanyar da ta dace. Ƙona fanel don a ciro tagulla na sakin hayaƙi mai guba, tsofaffin kaya kuma na ɗauke da darma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da abin da ya auku a Zamfara a 2010 ba, inda gubar darma daga dutsen zinariya ta hallaka yara kimanin 400. Mafarin can daban ne, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka mai gyara ya yi aiki a wuri mai iska, ya wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma a bar yara su yi wasa da mataccen fanel.

Kammalawa

Mun ga cewa ma'adanar filash na riƙe bayani ta hanyar kulle ilektaron a bayan siririn bango, kuma kowace gogewa na raunana bangon har ya gaza. Zafi da cikar ma'adana da yankewar wuta na gaggauta lamarin. Mun kuma ga cewa akwatin da ya tsaya a kan tambari sau da yawa gilashinsa da fitilunsa lafiya lau suke, abin da ya rage kawai hannu mai natsuwa da kwafin manhaja. Ina kira ga malaman kimiyya a makarantun Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su nemi mataccen fanel daga masu gyara su kai aji, ɗalibai su nemo ma'adanar da idonsu, su yi lissafin da muka kawo da alƙaluma daban-daban. Su kuma tattauna wannan tambaya: me ya sa ma'adana mai gigabayit 16 za ta fi mai 8 daɗewa, ko da iri ɗaya ne kuma aiki ɗaya suke yi? Muna jiran amsoshinku ta hannun Edita.